Kaka Hamman da Bakari Tela

A gidanmu ni ake tambaya idan an manta wa ya girmi wa, ko daga wane gida aka auro wance. Ba wayo na fi kowa ba, ni ce dai mai zama kusa da tsofaffi. Shi ya sa da maganar kakana ta taso, ni Kawu Abdulmumini ya kira daga Yola.

"Sumayyat, tsakaninki da Allah, kan Baba yana nan daidai? An ce ba shi da zance sai na wani Bakari Tela da ya gani a talabijin. Ni ban san wannan wasan ba, mamanki ma ba ta sani ba. Ki bincika. In babu shi, ranar Asabar zan zo in ɗauke shi, ya zauna a wurina kusa da likitoci."

Kaka Hamman ya sha faɗa cewa ranar da aka raba shi da Mubi, ranar aka binne shi.

A Mayo Bani aka haife shi. Ya shigo gari yana saurayi, ya fara da loda shanu a mota a kasuwar shanu, har ya zama dillalin da Fulanin daji ke nema da sunansa. Ya auri kakata Hapsatu, Allah ya jiƙanta. Abin da aka fi saninsa da shi dai shi ne, shi ya fara kawo talabijin layinmu: baƙi da fari, mai ƙofa kamar kabad, ana haɗa shi da batirin mota. Da la'asar ta yi, ɗakinsa ya cika, yara a ƙasa, mata a bakin gado, maza a tsaye.

Yanzu ya tsufa, amma yana zuwa masallaci da ƙafarsa, kuma ya san sunan kowane jika. Abu biyu ne ke damun mutane. In aka kunna talabijin ba ya zama a gabansa, sai ya ɗauki kujera ya fita ya zauna a gindin taga. Sai kuma Bakari Tela.

"Amarya," haka yake kirana, "ku yanzu me kuke kallo? Ba ku ga Bakari ba. Tela ne, amma in ransa ya ɓaci sai ya juye Faransanci. Matarsa ita ke karanta labarai. Ran nan suka yi faɗa a kan ɗinkin sallah, ya fice, ya je ya ci ƙwallo a filin wasa, ya dawo ya tarar tana sanar da farashin taki."

"Maigida, tela ne ko ɗan ƙwallo?"

"Ke dai kishi ke damunki. Mutum ba ya sana'a biyu?"

Na fara bincike daga unguwa. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin nan na tambaye shi. Sun tuna mai sihirin da ke fitar da kurciya daga hula, sun tuna 'yan kokawa, sun tuna tallan sabulu har suna rera mini waƙarsa. Wata ta ce kamar an yi wasa mai tela a ciki, amma ba Bakari ba ne sunansa, kuma Hausa zalla yake yi. Na koma gida.

Washegari na hau keke na tafi kasuwar shanu, don in tambayi abokan aikinsa ko sun ga wani canji a tare da shi. Ban gama gaida Alhaji Abdulrashid ba, tsohon amininsa, na ambaci sunan. Sai ya buga cinya.

"Bakari! Kai, ɗan banzan tela! Wanda ya ɗinka wa hakimi wando ƙafa ɗaya?"

Kafin in ce wani abu tsofaffi sun kewaye ni. Wannan ya ce Bakari gajere ne, wancan ya ce ƙarya ne, dogo ne mai wushirya. Wani ya rantse da idonsa ya gan shi da jar hula. Na ce, Baba, talabijin ɗin ai baƙi da fari ne. Ya ce shi dai ja ya gani.

A keke ina dawowa na rasa abin da zan kama. Waɗanda suka yi kallo sun ce babu. Waɗanda ko akwatin ba su taɓa gani ba sun ce akwai, har da launin hula. Ko dai mutanen kasuwa duka sun ruɗe tare, ko mutanen layinmu sun manta tare. Ni kaina na fara ganin kamar na san fuskar Bakari.

Mutum ɗaya ta rage, Mama Ƙauna, maƙwabciyarmu 'yar Michika, ƙawar kakata. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Da na gama bayani ta yi dariya har da tari.

"Hamman ya ce ya gani? Da wane ido? Mutumin da bai taɓa zauna a ɗakin ba!"

"Talabijin ɗinsa fa, Mama."

"Nashi ne, amma yana waje. Ki ji. Eriya yana kan dogon gora a bayan ɗaki. Iska ya taso daga dutse, gora ya juya, hoto ya zama kamar an watsa gero. Hamman ya ce ba mai taɓa masa gora sai shi. Kullum yana tsaye ya rungume shi, mu muna ihu ta taga: juya, juya, ya yi, riƙe nan! In gidan talabijin na Yola ya ƙi, mu murɗa mu koma na Kamaru. In shi ma ya ƙi, mu dawo. Wa zai tsaya gaya masa? Shi murya kawai yake ji."

Wasan tela daga Yola, Faransanci da ƙwallo daga Kamaru, labarai a tsakani, duk ta taga ɗaya suka shiga kunnensa. Da safe kuma ya kai wa mutanen kasuwa labari guda, har da ƙarin gishiri.

"To sunan fa, Mama? Daga ina Bakari ya fito?"

"Oho. Wannan ki tambayi gora."

Ranar Asabar da hantsi Kawu ya iso, har ya shimfiɗa filo a kujerar bayan motarsa. Na tare shi a zaure na gaya masa duk abin da na ji. Da farko yana kaɗa makullin mota, daga baya ya daina.

"Ni ne mai murɗawar," ya ce a hankali. "Ni ne kuma mai ihun riƙe nan. Ban taɓa leƙawa na ga yadda yake tsaye ba."

Muka shiga. Kaka yana gindin taga a kujerarsa. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, bai ambaci Yola ba. Kaka ya dube shi, ya dubi motar ta ƙofa.

"Abdulmumini, kai da kake ciki. Ranar da matar Bakari ta kwashe kayanta, ta dawo kuwa?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Ta dawo, Baba."

"Ji shi! Amarya, kin ji? Ranar batir ya mutu, ba wanda ya ga ƙarshen. Yaron nan kansa ya fara taɓuwa. In ka koma, ka ga likitan naku."

Kawu ya yi dariya har ya share ido. Ya ci tuwo, ya yi azahar, ya koma Yola shi da filonsa.

Kaka yana nan Mubi. Abin da har yau ban gane ba shi ne ko ya san Bakari nasa ne shi kaɗai. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya shiga ya yi kallo, tunda yanzu babu gorar riƙewa. Ya ce ya gwada, mutanen ciki ba su kai yadda ya san su kyau ba. Sai ya ce in ƙara murya, in kuma matsa daga taga.