Ranar da Inji Ya Shigo Harabar Cocinmu

Kowa a cocinmu na Samaru ya ɗauka tsoron Allah ne ke fito da ni yankan ciyawa duk Asabar. Har misali aka yi da ni a wa'azi. Sun yi kuskure. Akuyata nake yi wa.

Shekarar da na gama sakandare ta haifi biyu. Baba ya ce in ban tara mata abincin rani ba kafin ruwa ya ɗauke, kasuwa zai kai ta, har 'ya'yan. Ba mu da gonar wake balle harawa, don haka ingirici, wato busasshiyar ciyawa, kaɗai ya rage mini, kuma duk unguwar babu ciyawa mai kyau irin ta harabar coci.

Samari da langalanga suke zuwa, su yi ta fyaɗe-fyaɗe suna haɗawa da ƙasa. Wannan ai shara ce. Ni da lauje nake yi. In kama, in yanke, in shanya, in juya ta har ta bushe da korenta, sannan in ɗaure dami in jefa kan rufin kicin.

Ana cikin haka wani dattijon coci, tsohon soja daga Basawa, ya sayo mana injin yankan ciyawa a Sabon Gari. Mata har da guɗa.

"Kin huta, 'yata," in ji shi.

"Baba, wa ya ce muku na gaji?"

Kafin in gama fushi inji ya aske filin tas. Abin da ya tofar kuwa niƙaƙƙe, kamar kayan miya. Na cika buhu na kai gida. Akuya ta sansana, ta yi atishawa, ta juya ta kama cin zanen Mama a kan igiya.

"Ke! Janye tsiyarki!" Mama ta yi mini ihu. Da ta leƙa buhun sai ta toshe hanci. "Fetur za ki ba ta? Babur ce?"

Ran Lahadi na tare dattijon, na ce ya bar mini ciyawar bayan coci saboda akuyata.

"Don akuya?" Ya yi dariya har da tari. "Asabar da safe inji zai bi ko'ina. Oda ce."

Ban tsaya jayayya ba. Ai Asabar ya ce. Na koma gida na wasa laujena, na ari baron maƙwabta, na ƙudura duk Juma'a da la'asar ina harabar nan.