Kibod Ɗin Terna da Ba Ya Ƙara

Jama'a, wallahi wannan abu a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina da shagon kayan kwamfuta a unguwar Bukan Sidi, kuma ni na fara haɗa kibod da hannu a layinmu, irin mai tudun maɓallai da masu buga takardu suke so. Aibinsa ɗaya, ƙara. Na shimfiɗa soso a ciki, na shafa giris a ƙarƙashin kowane maɓalli, na liƙa salatif a bayan allon, amma in ana bugawa sai ka ce ana ɓarar gyaɗa.

Sai wani ɗan ƙabilar Tibi mai suna Terna ya kama shago kusa da ni, ya fara haɗa nasa. Nasa kuwa shiru, ko ka kara kunne ba ka jin komai. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya tsaya mini a wuya. Madam Ladi, mai shagon buga wa ɗaliban makarantar Shabu takardu, wadda ita ce babbar mai sayayyata, ta sayi ɗaya a wurinsa don gwaji, ta ce in nawa bai yi shiru ba duk za ta koma can.

Na je na ce masa, "Maƙwabci, me kake sa wa abin nan ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Oga, ƙara ba ya mutu fa, wuri ne yana canja. Ka saya ka yi aiki, amma kar ka buɗe."

To a sana'armu wannan magana ce ta kowa, kuma kowane dila yana sayen kayan abokin gasa ya kwance ya gani. Na saya, na koma shago da tsakar rana na kwance shi. La ilaha! Babu soso, babu giris, babu komai, kayan ma irin nawa ne sak. Ina riƙe da murfin sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas a cikin kunnena, da sauri, alhali ni kaɗai ne a shagon.

Na daure na kira Madam Ladi a waya. Na ce, "Madam, ana bugawa da na Terna yanzu?" Ta ce eh. Na ce don Allah a ɗan tsaya. Cak, ƙarar ta ɗauke. Na ce a ci gaba, ta dawo.

Na mayar da murfin na ɗaure, bai hana ba. Likita ya duba ya ce kunnena lafiya lau. Terna kuwa kafaɗa kawai ya ɗaga ya ce, "Ai na gaya maka, Oga."

Madam ta koma wurinsa, wasu suka bi ta. Har yau ban san me mutumin nan yake yi ba, amma duk kibod ɗin da ya sayar, a kaina ake buga shi. Kasuwarsa na ƙaruwa, ni nake fara sani.

Saboda haka in mai kaya ya ce kar ku buɗe, ku bar masa murfinsa. Yanzu haka da nake rubuta muku, wasu suna bugawa.