Buhun Kuzar da Na Tura Ƙarƙashin Gadon Baba Ishaya

Kafin sunana ya ɓaci, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Doguwa. Ina da gonar dawa, ina da mata, kuma a shekarar da na yi aure aka yi mini baftisma. Ni nake ba da waƙa a majami'a ranar Lahadi. Samari, ku lura, ba a mashaya na fara lalacewa ba.

Da rani ya yi sai na tafi Riruwai aikin kuza, kamar sauran tsarana. Aka sa ni wajen wanki, inda ake tace ƙasa da ruwa har baƙar kuza ta kwanta. Wata rana na ɗebi cikin tafin hannu na zuba a hulata. Ba wanda ya gani. Wani falke daga Tudun Wada ya saya, bai tambaye ni komai ba. Tafin hannu ya koma ƙwarya, ƙwarya ta koma buhu.

Mai gadin siton kuza wani dattijo ne mutumin Badafi, Baba Ishaya, shi ne kuma yake mana wa'azi. Wata la'asar ya tare ni a bakin rafi.

Ya ce, "Ɗana, kwanan nan hularka ta yi maka nauyi."

Na sunkuyar da kai, na ce, "Baba, ai na ba da gaskiya. An riga an gafarta mini."

Ya ce, "Ceto kyauta ne, ban musa ba. Amma mu masu bi ma sai mun tsaya gaban Almasihu ɗaya bayan ɗaya, a buɗe aikin kowa. Wani zai karɓi lada. Wani kuwa zai shiga kamar wanda ya tsira daga gobara, ba ko tabarma. Na ba ka zuwa ƙarshen wata, ka je ka faɗa da bakinka. In ka ƙi, ni zan faɗa."

Ban tuba ba, tsoro kawai na ji. Ranar Lahadi, yana tsakiyar wa'azi, na sulale na ɗauko buhu guda na tura ƙarƙashin gadonsa. Na dawo na ba da waƙar rufewa. Washegari na raɗa wa helima, shugaban lebura, cewa a duba ƙarƙashin gadon mai gadi.

'Yan doka suka fito da Baba Ishaya gaban jama'a, suka ɗora masa buhun a ka. Ya dubi taron har idonsa ya faɗa kaina. Bai ce uffan ba. Aka yi masa bulala, aka kore shi, ya koma Badafi da sunan ɓarawo.

Ba a yi wata huɗu ba aka kama ni a hanyar Tudun Wada, jakina ɗauke da buhu biyu. Alƙali ya ɗaure ni shekara uku a Kano. Matata ta koma gidansu. Ba aikin wahala ne ya fi cina a kurkuku ba, shirun nan na Baba Ishaya ne. A can na durƙusa na faɗa wa Allah komai.

Da aka sake ni, ban je gida ba, Badafi na nufa. Na tarar da matarsa tana sussuka. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne. Ta ajiye taɓarya.

Ta ce, "Ka makara. Bara da damina ya rasu. Har ya mutu wasu ba sa amsa gaisuwarsa. Ya ce in ka zo in gaya maka ya yafe, sauran maganar kuma ba a hannunsa take ba."

Na je gaban mai gari da dattawa na wanke shi, amma kunnen da ya kamata ya ji yana cikin ƙasa.

Na gaskata an gafarta mini. Duk da haka akwai ranar da zan tsaya, shi ma yana wurin, a buɗe aikina. Ku matasa, kada ku mai da alherin Allah mayafin ɓarna. In an yi muku faɗa, ku ji. Wanda kuka zalunta kuwa, ku neme shi yau, tun yana iya amsa sallama.