Jegon da Ban Yi Mata Ba

Ina da shekara hamsin da bakwai na fara ɗora hannu a kan kwamfuta, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. Ɗiyata ce, ita kaɗai ta rayu cikin huɗun da na haifa, mijinta ya tafi da ita ƙasar waje inda yake karatu. Da ta samu cikin fari na share ɗakin da ke kusa da nawa, na tanadi gero da itace. A gidanmu na Unguwar Rogo haihuwar fari gida ake zuwa a yi ta, uwa ta yi wa ɗiyarta wankan jego da kunun kanwa har kwana arba'in. Haka aka yi mini, haka na yi wa ƙannena biyu da 'ya'yan maƙwabta da ban san iyakarsu ba.

Cikin yana wata biyar ta kira ta ce likita ya hana ta doguwar tafiya. Na ce to ni zan je. Aka ɗauke ni hoto, aka cike takardun neman biza, aka dawo da su an ce ban cancanta ba. Har yau ban san abin da suka gani a goshina ba. Sai ta aiko mini da kwamfuta irin wadda ake buɗewa a rufe, ta ce idona ba ya gani sosai a waya, a wannan kuwa zan gan ta ɓaro-ɓaro, in nuna mata komai.

Wata Bayarabiya ce ke koya wa mata kwamfuta a shagonta a Sabon Gari, haihuwar nan garin, Hausarta ta fi ta wasunmu. Kullum da hantsi nake hawa keke mai ƙafa uku, kwamfutar naɗe a cikin zane. Ni ce babbar ajin, ni ce kuma ta baya. In na danna harafi ɗaya sai ya fito guda goma a jere.

"Hajiya, wanga ba turmi ba na," in ji malamar. "Taɓa shi a hankali."

Na ce, "Hannun ga shekara arba'in shina sauke tukunya bisa wuta babu tsumma. Yau za ki ce mashi shi yi sanyi?"

Matan suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida na yi kuka, don ban saba zama wadda ba ta iya ba. Washegari na koma. Cikin wata uku na iya kunnawa, na iya kira, na iya gyara zaman abin yadda fuskata za ta fito ba rufin ɗaki ba. Na surfa gero, na wanke, na shanya, aka niƙo da citta da kanumfari da masoro, na ƙulle tare da kanwa na ba wani abokin mijin ɗiyata da zai koma can.

Ta haihu lafiya, namiji. Kwana uku da haihuwar muka shirya za mu dama kunun tare, ni a nan, ita a can. Na kife turmi a tsakar gida na ɗora kwamfutar a kai, na hura wuta, na aza tukunya. Sai ga ta a tsaye a kicin ɗinta, fuska a kumbure, hannu ɗaya dafe da tebur. Mijin ya tafi makaranta, jaririn yana barci a ɗaki.

Mun tafi daidai har ruwa ya tafasa. Da aka zo zuba ruwan kanwa ta ce, "Inna, cokali nawa?"

Ban taɓa ƙirga shi da cokali ba. Na ce, "Zuba dai kaɗan-kaɗan, har ki ga ya juya."

"Shi juya ƙaƙa?"

"Kamar garin ɗorawa, amma kada shi kai."

Ta zuba, ta karkato mini da tukunyar. A gilashin kwamfutar komai fari-fari yake, ban gane ba. Na ce ta ƙara. Ta ƙara, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. A take na san ya zarce, kuma ni na sa ta. Maimakon in ce laifina ne, sai zuciya ta ɗebe ni.

"Ke da kiƙ ƙare jami'a, kunu na zai gagare ki? Yarinya 'yar shekara goma na dama shi!"

Ta ajiye cokalin. Can ta ce, ba da faɗa ba, "Inna, ai ke kih hana ni shiga madahi."

Gaskiya ta faɗa. Tun tana ƙarama in ta raɓo murhu da muciya nake korar ta, in ce ta tafi ta ɗauki littafi. Ni ba a sa ni boko ba, na ɗauka abin da ke hannuna ba wani abu ba ne, duk macen da ta girma za ta tsince shi a hanya. Shekara ashirin tana gabana ban taɓa kama hannunta na nuna mata yadda kanwa ke juya gero ba. Ko da ma ta iya, mai jego ba ta dama wa kanta kunu. Kwanciya take yi a kawo mata. Duk wata ukun da na yi ina murna da abin da nake koya, wannan bai faɗo mini a rai ba.

Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai jaririn ya farka da kuka. Ta juya za ta je, ta tsaya, ta sake dafa teburin.

"Inna, bari in zamna."

Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta fita daga gilashin. Abin da ya rage ina gani tukunyarta ce tana tumbatsa, kunun yana gangarowa a kan wuta. Na yi ta kiran ta, ina ce mata ta kashe wutar, ta jingina da bango, ta sha ruwa. Ba ta amsa ba. A gefena kuwa tawa tukunyar ce cike, kunun ya yi daidai yadda ake so.

Na san madannin da ke ƙara murya. Na danna shi har ƙarshe, na zauna a kan tabarma ina jin su biyun suna kuka, har ta samu ƙarfin miƙewa ta kashe wutar.