Wasiƙun Saje a Bakin Tafki

Ɗana na fari ya karanta wasiƙar ubansa a bainar jama'a, a bakin tafki, a ƙasar da ba tamu ba, ina zaune a wurin da jaririyarsa a cinyata. Har yau ban ce masa na huce ba, domin ban huce ba.

Jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. Matarsa ta haihu, mahaifiyarta kuwa ƙafa ta hana ta hawa jirgi, sai aka ce ni in je. Gidansu yana Sri Petaling, can saman wani dogon bene, inda babu murhu babu itace. A butar lantarki na riƙa dafa ruwan wanka, buta bayan buta, har bokiti ya cika. Ganyen darbejiya kuwa wurin wata Ba'indiya mai sayar da furanni muka samo shi. Haka na yi wa yarinyar nan wankanta, na dama mata kunun kanwa da kanwar da na ƙullo daga gida, har muka yi arba'in lafiya.

Shi mai gidan karatun babban digiri ne ya kai shi. Aikinsa, kamar yadda matarsa ta bayyana mini, shi ne wasiƙun da sojojin ƙarni na goma sha tara suka riƙa aika wa iyalansu daga fagen yaƙi, irin waɗanda Turawa suka kwaso daga garuruwansu da kuma Indiya suka kawo wannan yanki. Kullum ya dawo da hotunan tsofaffin takardu, rubutu duk ya koɗe, ya baza su a kan tebur ya yi ta leƙe da gilashi. Wani lokaci in ji yana fassara wa matarsa: wannan yana roƙon uwarsa ta aiko masa da safa, wannan yana ce wa matarsa zazzaɓi ya fi harsashi kisa, wancan yana tambaya ko saniyarsu ta haihu. Ni ina kicin ina saurare, ina cewa a raina, su matan da aka aika wa, wa ya tambaye su kafin a baza sirrin ɗakinsu a teburin wani?

Ban yi tambayar a fili ba. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ido da ido ba. In ina da magana da shi, sai in faɗa wa bango ko in faɗa wa matarsa. Haka na taso na ga ana yi, haka shi ma ya taso ya gani.

Ni na san wasiƙar soja tun kafin ya san hannun damansa. Ubansa, wanda kowa a bariki yake kira Saje, an tura su Chadi ina da ƙananan yara, ban san ko baƙi ɗaya ba. In takarda ta zo, sai in zuba abinci a kwano in nufi barandar wani kofur mai kula da sito, shi ne mai karanta wa matan layinmu. Ba ya karatu sai mata sun taru. Ya gyara murya, ya ɗaga takardar sama, ya ƙara nasa gishirin. In miji ya ce a gaida uwar 'ya'yansa, sai kofur ya kashe ido ya ce, "Kun ji fa, sanyi ya fara damun mutumin." A kwashe da dariya, ke kuwa ki sunkuyar da kai ki yi kamar ƙasa ta tsage ki shige. Saje ya san haka ake yi, saboda haka wasiƙunsa na Chadi kamar umarnin fareti suke. A sayar da akuya. A kai yaro asibiti. A gaida kowa da kowa.

Barandar nan ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in ko kusa, da furfura a goshi. 'Yan mata suna dariyar yadda nake riƙe fensir kamar muciya. Ban kula su ba. Da aka tashi tura su Laberiya, na ce wa Saje, daga yau babu mai karanta mini takardarka sai ni. Ya dube ni ya daɗe. Amma da wasiƙa ta farko ta zo, sai na ga kamar wani mutum ne daban ya rubuto. Ya kira ni da sunan da yake kirana a ɗaki. Ya ce yana jin tsoro. Ya ce wani yaro a cikin mutanensa ya mutu a hannunsa, ya koma bayan mota ya yi kuka inda babu mai ganinsa. Ya ce yana mafarkin ƙafata da lalle. Na zauna da mutumin nan shekaru masu yawa, sai a takarda na san shi. Ya dawo da ransa, ciwo ya ɗauke shi daga baya, Allah ya jiƙansa. Wasiƙun duka, na Chadi da na Laberiya, na ƙulle su wuri ɗaya a tsohon ɗankwali, duk inda za ni suna ƙasan akwatina.

Wata rana a tsakiyar jegon, ina juye ruwan zafi, surukata ta ce, "Inna, baban su yarinya yana so ya ga takardun Baba." Na yi shiru na kau da kai, yadda nake yi a kan duk abin da ya shafe shi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ita kuwa ta buɗe akwati ta ɗauki ƙullin gaba ɗaya ta kai masa. Ban sani ba, don ba kullum nake taɓa ƙasan akwatin ba.

Bayan arba'in, ɗaliban Najeriya suka yi taronsu na ƙarshen mako a lambun Titiwangsa, a bakin tafki. An shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa, ga shinkafa, ga dambun naman da na zo da shi, yara suna guje-guje suna amsa wa iyayensu da Turanci da yaren Malay. Al'adarsu ce kowa ya tashi ya faɗi inda aikinsa ya kai. Da aka zo kan ɗana, ya fassara wasiƙar wani Bature da ya mutu tun kakannin kakanninmu ba a haife su ba, mai ce wa uwarsa kada ta gaya wa kowa, amma shi a tsorace yake. Sai ya ce, "Yanzu ku ji wani soja na zamaninmu." Ya zaro wata takarda daga aljihun gaba. Tun kafin ya buɗe baki na gane ninkin.

Ya karanta sunan ɗaki. Ya karanta kukan bayan mota. Ya karanta lallen. Aka yi tafi. Wani ɗalibi mai bakin tsiya ya ɗaga murya ya ce, "Kai! Ashe su Baba ma sun iya soyayya! Hajiya, ke ce mai lallen?" Wuri ya ɗauki dariya, idanu duka suka juyo kaina. Wata 'yar Filato mai aikin jinya, wadda ita ma a bariki ta girma, ta matso ta karɓi jaririyar daga cinyata, ta ce a hankali, "Mama, kawo ta." Sai ta juya ga ɗalibin ta ce, "Kai kuma rufe mana baki, mara kunya. Uwarka ce za ka yi wa haka?"

Muka hau jirgin ƙasa muka koma gida. Da muka idar da magariba, na shigo falo na zauna a kujerar da ke fuskantar tasa. Matarsa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta ɗauki 'yarta ta tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Kai. Da kai nake."

Ya ɗago a razane. "Na'am, Inna."

"Wa aka rubuto wa takardar da ka karanta?"

"Ke, Inna. Amma ai na aiko an tambaye ki, kika yi shiru."

"Yau ka fara jin shiruna? Da shi na raine ka. Ranar da za ka tafi makarantar kwana shiru na yi, ka ɗauka murna nake? Ranar da ka ce za ka bar ƙasa shiru na yi. Ka fi kowa sanin ba ya nufin e. Ka dai ga ya yi maka daidai ne yau."

Ya sunkuyar da kai, amma bai ja da baya ba, jinin ubansa ne. Ya ce, "Inna, waɗancan sojojin da nake karantawa, ba don wani ya ajiye takardunsu ya bari an gani ba, da babu wanda ya san sun taɓa rayuwa. Manyansu ne kawai ke cikin littafi. Baba ma haka zai ɓace. Yarinyar nan za ta tashi ko Hausa ba lalle ta iya ba. Me zan nuna mata? Ni ma ubana ne. Ban taɓa sanin yana kuka ba sai da na karanta."

Wannan ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Gaskiya ya faɗa, ubansa ne. Amma gaskiyarsa ba ta share tawa ba.

Na ce, "To matan waɗancan fa? Uwar da ɗanta ya ce kada ta gaya wa kowa, ta kuwa riƙe masa har kabari, yau ga shi kana gaya wa masu cin shinkafa a bakin ruwa. Don sun mutu ba su da bakin hana ka. Ni ban mutu ba tukuna. Na shiga aji da furfura don kada wani namiji ya sake tsayawa ya karanta mini mijina mutane suna dariya. Ashe wanda zai yi mini shi na goya shi a bayana. Ina sauran?"

Ya ce suna shagon buga takardu na layin da ke ƙasan benenmu, wanda suke kira kedai. Ya bayar tun jiya, da safe za a ɗauki hotonsu duka, su shiga bayan kundin digirinsa, kundin kuma ya shiga ɗakin karatu na jami'a inda kowa zai iya buɗewa. Ta aljihunsa kaɗai ya riƙe saboda taron. Na miƙa hannu, ya ba ni ita. Ya ce, "Inna, ki kwana da maganar, don Allah. Gobe in na dawo mu sake zama." Na san wannan dabarar. Kafin ya dawo inji ya gama aikinsa.

Da gari ya waye, yana fita na yafa mayafina. Surukata ta ce, "Inna, ina za ki? Ba ki jin yarensu fa." Na ce, "Ba hira za ni ba." Na sauka ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba tun zuwana, na bi layin shaguna har na ga mai injin takarda a bayan gilashi. A rufe yake. Na zauna a dakalin ƙofar, masu wucewa suna kallona ina kallonsu.

Da mai shagon ya zo ya ɗaga ƙofa, wani ɗan Sin ne mai tabarau, na riga shi shiga. Ƙullina yana kan kanta, an ɗora masa 'yar takarda. Na ɗora tafin hannuna a kai. Ya yi ta magana yana girgiza kai, yana nuna mini sai da shaidar karɓa. Kalma ɗaya na koya a garin nan, boleh, wato ya yiwu, ita na yi ta maimaita masa da ƙarfi, ina nuna ƙirjina. Da ya ga ba zan ɗaga hannu ba, sai ya duba lambar da ke jikin 'yar takardar ya buga waya. Na ji muryar ɗana daga cikin wayar. Can ɗan nawa ya faɗi wani abu gajere. Mai shago ya ajiye wayar ya ja baya.

A nan kan kantar na kwance ɗankwalin. Na ware na Chadi gefe guda, masu akuya da asibiti da gaisuwar kowa da kowa, waɗanda duk matan layinmu sun riga sun ji, na tura wa mutumin su na nuna masa injinsa. Na Laberiya kuwa na ninke su, na ƙulle a bakin zanena, na fito.