Ƙwaurin da Ba Ya Jin Zafi

Kocinmu bai taɓa cewa in murza kwalba a ƙwaurina ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada a ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba. Ni na jawo wa kaina, da hannuna, da hankalina, ina ganin duk Kano babu mai wayona.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa, cikin 'yan kazuwal, irin waɗanda ake ɗauka yau, gobe a sallame su ko sannu babu. Ranar Juma'a da yamma da ranar Lahadi kuma sai in hau mota zuwa Sharaɗa, inda muke koyon kikbosin, damben nan da ake haɗawa da shuri, a wani tsohon sito da masu shi suka yi watsi da shi. Koci dattijo ne gajere, tsohon direban babbar mota, mai ƙarancin magana. Buhu ɗaya gare mu, dogo, cike da tsummokara, rataye a ƙarfen rufi. Karatunsa kullum ɗaya ne: a shuri buhu a hankali, sau da yawa, a huta, a dawo. Ya ce ƙashi kamar ginin ƙasa ne, sai sahu ɗaya ya bushe ake ɗora wani. In ƙafarka ta kumbura, sai ya miƙo maka man zafi, ya nuna maka benci ka zauna ka kalli wasu.

Ni kuwa ina na ga lokacin zama? An sanar cewa wata ɗaya bayan babbar salla za a yi gwajin ɗaukar 'yan wasan jiha, wanda ya ci zai shiga sansanin horo, kuma na riga na ƙudurta a raina ta wannan ƙofar zan fita daga warin fata. Wanda bai taɓa aiki a wurin ba ba zai gane ba. Warin nan ba ya jin sabulu. Yana bin ka cikin mota, yana bin ka wurin mai shayi, ko a sahun salla sai ka ga na kusa da kai ya ɗan muskuta ya kau da hanci. Na tsani wurin, tsana ta gaske. Abokan horona suna zuwa kusan kullum, ni sau biyu kacal a mako. Ina kallo suna dukan buhu kamar ana daka, ni kuwa shuri ashirin ƙwaurina ya fara zugi.

A waya na ga wani ƙato yana murza kwalba a ƙafarsa, wai don ta daina jin zafi, na ce yauwa, ga gajeriyar hanya. Da an tashi cin abinci sai in zagaya bayan ɗakin inji, in zauna kan kifaffen duro, in naɗe wando, in ɗora kwalbar lemo ƙasan gwiwa, in danna da iya ƙarfina in gangaro da ita har idon sawu. In na gama da wannan ƙafa in koma waccan. Daga baya na ƙara da wani guntun katako, ina ƙwanƙwasa ƙashin daga sama zuwa ƙasa. Makonnin farko har hawaye nake yi. Zaman tahiya ya zame mini azaba, liman na jan addu'a ni ina addu'ar ya sallame. Ƙwaurin ya yi kulli-kulli, ya yi baƙi. A wurin horo kuwa dogon wando nake sawa, don kada koci ya gani.

Akwai wani dattijo mutumin Damagaram da ya fi kowa daɗewa a kamfanin, Baba muke ce masa. Ya tsaya a kaina wata rana da kwanon abincinsa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, me ƙafar nan ta yi maka?"

"Horo ne, Baba. So nake ta daina jin zafi."

"Ta daina jin zafi? A nan?" Ya girgiza kai. "Mu nan zafi ne maigadinmu. Kai kuma ka tashi korar maigadi."

Na yi dariya, na ce a raina tsoho me ya sani game da wasa. Bayan wata huɗu kuwa abin da nake nema ya samu. Zafin ya janye, sai ka ce an sa wa ƙafar safa mai kauri. Na shuri buhu sau ɗari ban ji komai ba, har koci ya ɗaga gira. Ranar nan da ƙyar na iya rufe bakina don murna.

Sai in yi bayanin rami, don a gane abin da Baba yake nufi. Rami shi ne kwarmin siminti inda ake jiƙa ɗanyar fata a ruwan kemikal don gashi ya zube. Ruwan fari-fari ne, mai santsi kamar na sabulu, kuma yana cin naman mutum. Da dogon takalmin roba ake shiga, ana jawo fatun da ƙugiya. Al'adar wurin ita ce mako ɗaya kowa yake yi, a canza shi. Kuma duk wanda ya ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi a ƙafa, jefar da ƙugiya yake yi ya ruga famfo, babu mai ce masa don me.

Bakina ne ya kai ni. Wata rana abokan aiki suna tsokanata, wai ɗan damben kwalba, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ɗora ƙafa kan duro, na miƙa wa ɗaya katakon, na ce ya maka. Ya ɗaga katakon ya maka, ji kake ƙwas! Na yi murmushi. Wuri ya kaure da ihu, kaina ya kumbura. Ashe foman, mai raba mana aiki, yana tsaye a bayanmu da takardarsa.

"Kai, da gaske ba ka ji ba?"

"Ko a jikina, Oga."

Ranar Litinin aka tura ni rami. Wata Litinin ta zagayo, aka canza kowa ban da ni. Da na tambaya sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Waɗancan ragwaye rabin yini a famfo suke ƙarewa. Kai kuwa Allah ya hutar da kai." Ni shashasha, har daɗi na ji. Na ce ai saura kaɗan in bar musu wurin gaba ɗaya.

Mako na biyu bayan salla fatun layya suka cika kamfani, tuli a kan tuli, ko numfashi ba ma samu. Takalmina na hagu ya tsage a gaba, ban lura ba. Tun da hantsi na ji wani ɗan ɗumi can nesa a ƙwaurin, amma wata da watanni ke nan ina koya wa kaina kada in saurari wannan ƙafa, don haka na ci gaba da jan fata. Sai da aka kira azahar na fito zan yi alwala. Na zare takalmi, ruwa ya tsiyayo daga ciki. Na ja safa, ta ƙi. Na fizga, sai ta taho da fatar ƙwaurina, faɗin tafin hannu. Wurin ya yi toka-toka, yana santsi, ko jini babu.

Baba ne ya cafke ni ya ja ni famfo, ya danna ƙafar ƙarƙashin ruwa, ya riƙe ta da hannu biyu har aka idar da salla ba mu.

"Tun yaushe ruwan ya shiga?"

"Ban sani ba, Baba."

Wannan amsar ta fi ciwon ba ni tsoro. Ƙafata ce, a jikina take, an yi rabin yini ana cin ta, ban da labari.

Bayan kwana goma na ɗingisa zuwa Sharaɗa, da sauran guntun fata a raina cewa ko za a naɗe wurin in shiga gwajin. Koci ya kwance bandejin da ke ƙafar ya duba. Sai ya naɗe wandon ɗaya ƙafar, mai lafiyar, ya bi ƙashin da babban yatsa yana jin kullin ɗaya bayan ɗaya.

"Kwalba?"

Na sunkuyar da kai.

"Ƙashi na ce ka gina. Kai ka je ka toshe wa ƙafarka baki." Ya mayar da bandejin a hankali. "Fatar da za ta fito nan ba za ta ɗauki shuri ba. Ba bana ba, baɗi ma sai Allah."

Ranar gwajin ina ɗakina, ƙafa kan bokiti, ina sauraren injin markaɗen maƙwabta. An ɗauki mutum biyu daga cikinmu. Ban kira su na yi musu murna ba, hassada ce ta hana ni, kuma ba zan ɓoye ba. Maganar koci ta tabbata. Sabuwar fatar ta fito siririya tana sheƙi kamar leda, sau biyu ina gwada ta a buhu, sau biyu tana tsagewa.

Da na warke na koma Challawa, don ciki ba ya jira, ga mahaifiyata a ƙauye tana zuba ido. Na sami foman a bakin ofis, na rusuna.

"Oga, ku taimaka ku mai da ni wajen shanya. Kun ga abin da rami ya yi mini."

"Wajen shanya ya cika. Wuri ɗaya ne babu mai so, kuma ka san shi." Ya turo mini sabon takalmi da ƙafa. "In ba ka iyawa, ga mutane can a bakin get tun asuba."

Na waiwaya na gan su, tsaye a rana sun riƙe ƙarfen ƙofa. Na sunkuya na ɗauki takalmin.

Har yau a ramin nake. Abin da ya canza shi ne, tun da ƙafar ba za ta gaya mini ba, dole in tambaye ta da ido. Kowace awa nakan hauro, in zauna a bakin siminti, in zare takalman biyu, in duba safa, in shafa ƙwaurin in ga ko ya jiƙe. Jiya ma ina cikin dubawa foman ya hango ni daga nesa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai da ba ka jin zafi, me kake dubawa? Koma ciki, malam!"

Na buɗe baki zan ce masa ai dalilin ke nan. Sai na rufe, na zura takalmina, na ɗauki ƙugiya na gangara.