Faƙon Takawa da Icen Proje

Takawa na ƙauyenmu, can gefen Garhanga, mutum ne da in ka ba shi goro sai ya juya shi ciki da baya kafin ya kai baki. In ka gaishe shi da fara'a, zai wuni yana tunanin abin da kake nema a gidansa. Yana da gonar gero a kwari, da 'yan dabbobi, da mata ɗaya mai haƙuri, Lalla. Sannan yana da faƙo a bisa tudu, wanda ya gada wurin ubansa. Ƙasa ce mai tauri kamar bayan tukunya, ko ƙaya ba ta son fitowa a kai. Amma kada ka kuskura ka kira ta banza a gabansa.

Zargin nasa yana da asali. Yana yaro kawunsa ya ba wani baƙo aron gona, baƙon ya dasa tsamiya a tsakiya. Da anka je gaban mai gari, anka ce ai mai aro ba ya dasa ice, tunda ya dasa kuma an yi shiru, gona ta zama tasa. Kowa a ƙasarmu ya san wannan: wanda ya dasa ice ya kafa ƙafa a ƙasa. Takawa dai ya riƙe ta fiye da kowa.

A shekarar da anka karya darajar sefa, sai ga farar mota ta wani proje, irin aikin nan na raya karkara da ƙasashen waje ke kawowa. Sunka ce za su rufe tudun nan gaba ɗaya da daƙwara, icen ƙaro, daga bakin ƙauyenmu har inda ido ya tsaya. Mata za su haƙa ramuka masu tare ruwa, a biya su da dawa da mai da gwangwanin sardin. Mai yi musu magana wani saurayi ne Kirista, Obadiya, wanda ya tashi a unguwar asibitin mishan. Ya tara mutane a ƙofar mai gari, ya ce ba za a yi komai ba sai an ji ra'ayin kowa.

Kowa yana ta lissafin sardin a zuci. Takawa ya ɗaga sanda, ya kira shi yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci.

"Mushe, wa ka dasa icen?"

"Mutanen gari, Baba."

"In an dasa, na wa na?"

"Na gari ne. Za a kafa komiti ya kula da shi."

"Shi wanga Komiti ɗan wa na? Ban san ubanai ba."

Anka fashe da dariya. Gajere mai shayi ya ce, "To a sa Takawa ciki mana, shi gane dangin!" Nan take anka sa shi. Ya dawo gida fuska a murtuke, ya ce wa Lalla an ba shi kujera ne don a ɗaure masa baki.

Aiki ya kama. Ramuka sunka yi ta hawa tudu layi-layi, har sunka iso bakin faƙonsa. Can mata sunka tarar da shi zaune bisa dutse, sanda a cinya. Ya ce ba magirbin da zai taɓa ƙasar ubansa. Kuma faƙon a tsakiya yake: in an tsallake shi, ruwan sama zai gangaro ta nan ya cinye ramukan da ke ƙasa.

Obadiya ya hau tudun da kansa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ba wanda zai ƙwace maka hili."

"Kai ka faɗa. In proje ya naɗe tabarmatai ya tahi, kana nan?"

Obadiya ya dubi faƙon. Shi ma ɗan ƙasa ne, ya san dokar ice. Ya ce, "Gaskiya ban san abin da zai biyo baya ba."

Wannan amsa ta rikita Takawa, don ya shirya wa ƙarya ne. Ya kalle shi sama da ƙasa, yana neman inda dabarar take. Da bai gano ba, ya kawo sharuɗɗansa. Shi zai haƙa ramukan faƙonsa da hannunsa, shi zai dasa, a gaban mai gari da liman. Kuma ba zai karɓi ko ƙwayar dawa ba, don wanda anka biya ya yi aiki a gona ɗan ƙodago ne, mai gona shi ne wanda ya biya.

Da labari ya kai gida, Lalla ta ajiye taɓarya.

"Malam, rumbu ya kusa ƙasa. Gidan maƙwabciyarmu Zara ana suya da man proje har ƙamshi na shigo muna, mu ko mi?"

"Su ci. Tudunsu suka ci."

"Kai kuma ka ci dutse!"

Ya saura maganar 'ya'yan icen, waɗanda proje ke rabawa kyauta cikin 'yan ledoji. Takawa ya ce kyautar ice igiya ce, gobe a ce icensu ne ke tsaye a ƙasarsa. Ranar dashe sai ga shi da jan zakara a hammata, ya miƙa wa Obadiya a gaban jama'a.

"Ga kuɗin icena."

"Baba, ba a sayarwa. In na karɓa, mi zan ce wa manyana?"

"Ka ce musu sun yi ciniki."

Mai gari ya rufe baki da rawani yana dariya, ya ce, "Karɓa, ɗana, in ba haka ba muna nan har damina ta wuce." Obadiya ya karɓa. Anka ga motar proje ta nufi garin Keita da zakara yana leƙe ta taga.

Takawa ya haƙa faƙon nan shi kaɗai, hannuwansa sunka farfashe, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk icen da ya sa a rami sai ya ɗaga kai ya ce, "Ranka shi daɗe, ka gani?" Mai gari ya ce ya gani. Liman ma ya gaji da cewa ya shaida. A ƙarshe mai gari ya faɗa da bakinsa, kowa na ji, cewa faƙo da abin da ke kansa na Takawa ne da 'ya'yansa. Wasu masu faƙo da sunka riga sunka ci sardin sunka fara kallon juna.

Sati bai cika ba komiti ya zauna, ya yanke cewa ba dabbar da za ta hau tudu sai ice ya fi ƙarfin baki. Anka nemi mai gadi, Gajere ya ce ai ba wanda ya kai Takawa rashin yarda da mutane. Ya so ya ƙi, sai ya tuna icensa ne a tsakiya. Dabbar farko da ya kama tana cin daƙwara akuyar Lalla ce, kuma ya kai ta gaban komiti da kansa. Lalla ta yi kwanaki tana ajiye masa tuwo ba magana.

Faƙo dai yana hannunsa har yau, ya yi duhu da ice. In ka ce masa ya yi dabara, sai ya kalle ka a kaikaice ya tambaye ka wa ya aiko ka.